Tsohuwar kwamfuta ba ta buƙatar masu gadi uku

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu ko na tura fina-finai a Dawanau, ko Tumfafi, ko cikin garin Dawakin Tofa, ya san irin wannan kwamfutar. HP ce ko Dell, ta hannu, wadda aka ɗauko daga Beirut Road a Kano bayan ta gama yi wa wani ofis aiki a Turai. RAM ɗinta giga 4, ma'adanarta tsohon faifai mai juyawa, batirinta kuwa da an ɗauke wuta ya bi sahu. Idan aka kunna ta, mai shago na iya zuwa ya karɓo shayi ya dawo ba ta gama farkawa ba. A kusurwar allo, kusa da agogo, ga tambarin antibairos har uku a jere: Avast, da Smadav, da wani na gwaji da wa'adinsa ya ƙare tun bara amma bai daina kuka ba. Mai kwamfutar ya yanke hukunci cewa bairos ne ya yi mata yawa, don haka yana cigiyar na huɗu, "mara nauyi".

Ba na huɗun take buƙata ba. Ga mafi yawan tsofaffin kwamfutocin da ke ɗauke da Windows 10, antibairos mafi sauƙi shi ne wanda ya zo a cikinta, wato Microsoft Defender, muddin ba a kashe shi ba kuma ana barin sa ya sabunta kansa. Sauran abin da ake jibga mata kaya ne a kan jakin da tun farko ƙafarsa ke ciwo.

Mai karatu na iya cewa shi waya yake riƙewa, ina ruwansa da kwamfutar wani. Ruwansa a ciki yake tsundum. Memorin wayarsa a wannan kwamfutar ake soka shi a tura masa fim ɗin Kannywood ko fassarar Indiya. A kanta yake buɗe imel ɗinsa don a buga masa takardar JAMB ko sakamakon NECO. A kanta ɗan kasuwar Dawanau ke buɗe WhatsApp don ya tura wa mai sayen riɗi ko zoɓo takardar kaya, a kanta kuma yaron shago ke ajiye lissafin buhunan da suka shiga da waɗanda suka fita. Bairos ɗin Windows ba ya aiki a cikin Android, wannan gaskiya ne, amma yana iya hawa memori ya ɓoye hotunan biki, ya jira wata kwamfutar. Kalmar sirrin da aka rubuta a kwamfuta mai cuta kuwa ta riga ta fita daga hannun mai ita, ko da wayarsa sabuwa ce dal.

Dalilin nauyin ba boyayye ba ne. Antibairos na gaske ba ya barci: duk fayil ɗin da aka buɗe, ko aka kwafa, ko aka sauke, sai ya tsayar da shi ya duba kafin ya bari ya wuce. A sabuwar kwamfuta ba a ko jin wannan. A faifai mai juyawa, wanda allura ce ke yawo tana neman bayani kamar tsohon garmaho, kowane dubawa jira ne. To idan masu gadi biyu ne a ƙofa ɗaya, kowa sai ya caje baƙo, sannan kowa ya juya ya caje ɗan'uwansa. Wani lokaci ɗaya ya ɗauki fayilolin ɗayan a matsayin cuta ya kulle su. Shi ya sa Windows da kanta take dakatar da gadin Defender da zarar an saka wani cikakken antibairos. Mai son ganin wanda ke cinye masa kwamfuta ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ya dubi layin Disk da na Memory. Sau da yawa sunan mai gadin ne a sama.

Defender ya daɗe da wuce matsayin abin raini. Tun Windows 8, a 2012, ya zama cikakken antibairos, kuma a 'yan shekarun nan cibiyoyin gwaji masu zaman kansu, AV-TEST ta Jamus da AV-Comparatives ta Austriya, suna sanya shi a sahun waɗanda ake biya wajen tare cuta. Ba ya tallata komai, ba ya neman katin banki, ba shi da wa'adin kwana 30. Yana da wani sashe mai suna Microsoft Defender Offline, wanda ke sake kunna kwamfuta ya yi bincike kafin Windows ta tashi, lokacin da cutar ba ta samu damar ɓuya ba. Duk da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ta ce za ta ci gaba da aiko wa Defender bayanan sababbin cututtuka har zuwa Oktoban 2028.

Ba a ce ba shi da aibi ba, kuma aibinsa ya fi fitowa a irin wannan yanki. Na farko, yana jan ƙafa wajen kwafar fayiloli masu yawa. Mai tura fina-finai da ke kwafar giga-giga daga safe zuwa dare zai ga wani abu mai suna Antimalware Service Executable ya riƙe faifai ƙam. Na biyu, ƙarfinsa ya dogara sosai da intanet. Idan ya ga abin da bai gane ba, tambayar rumbun Microsoft yake yi, kuma gwaje-gwajen AV-Comparatives sun sha nuna cewa idan babu intanet abin da yake kamawa yana raguwa. Wannan ba laifinsa shi kaɗai ba ne. Yawancin waɗanda ake yi wa kirari da rashin nauyi sun yi sauƙi ne saboda sun tura aikin can sama, zuwa kwamfutocin kamfaninsu. A Legas ko Landan wannan dabara ce mai kyau. A ƙauyen da sai an ɗaga waya sama ake samun sabis, kuma kuɗin data ya ƙaru tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, sauƙin da ake tallatawa rabin labari ne. A nan dole a auna nauyi da ma'auni uku: RAM, da data, da mintocin da batiri ko janareta zai ba da.

Saboda haka wanda sana'arsa kwafar fayiloli ce, kuma filashi hamsin ke ratsa kwamfutarsa a yini, yana da hujjar neman wani. ESET na ƙasar Sulobakiya ya yi suna wajen rashin takura wa kwamfuta, amma na kuɗi ne. Bitdefender na Romaniya yana da na kyauta wanda ba shi da yawan surutu. Ɗaya daga ciki ya isa, daga shafin kamfanin kai tsaye, bayan an cire duk na da. Shi ma sai an riƙa haɗa shi da intanet. Antibairos ɗin da ya yi wata shida bai sabunta ba kamar ɗan sintiri ne da ke yawo da hoton ɓarayin da aka riga aka kama.

Kyauta kuma tana da farashinta. A Fabrairun 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sanar da cewa Avast zai biya dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta, ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot da aka rufe a farkon 2020. A 2021 Norton ya cusa manhajar haƙar kuɗin kirifto a cikin antibairos ɗinsa, abin da ya jawo masa suka, daga baya kuma ya janye ta. Wanda ke ganin ya sauya gida don ya bar Avast ya koma AVG ko Avira, ya sani duka ukun, har da Norton, yanzu a ƙarƙashin kamfani ɗaya suke, Gen Digital. Wannan ba ya nufin ba sa kama cuta, suna kamawa. Amma tagogin talla, da burauzar da ba a nema ba, da "mai share shara" da ke cewa an gano matsala dubu, duk RAM suke ci, kuma giga 4 ba ta da rarar da za ta ciyar da su.

Mafi muni shi ne antibairos ɗin da aka fasa. Akwai masu gyara da ke da filashi guda cike da manhajoji, da zarar an kai musu kwamfuta sai su yi mata fomat, su loda Windows da Office da CorelDRAW da antibairos "mai lasisin har abada", kuma matakin farko a aikin shi ne kashe Defender, domin in yana raye ba zai bar kayan su shiga ba. Ba don mugunta suke yi ba, haka suka koya, haka kuma mai kaya ke so don ba ya son biya. Sai dai ta wannan ƙofar ce manyan cututtukan zamani suke shigowa. STOP/Djvu, mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, ta manhajojin da aka fasa ya fi yaɗuwa. Jabun KMSpico, wanda ake amfani da shi don "kunna" Windows, an sha kama shi ɗauke da manhajar satar kalmomin sirri. A Mayun 2025 Microsoft ta ce ta gano kwamfutoci sama da 394,000 da Lumma Stealer ya shiga cikin wata biyu kacal. Irin wannan ba ya rage wa kwamfuta gudu, ba ya nuna alama. Kalmomin sirrin da Chrome ya adana yake kwashewa, na imel da Facebook da duk abin da ya samu, ya aika wa 'yan dandatsa cikin daƙiƙoƙi. Wanda ya kashe mai gadin gaskiya don ya shigo da na sata ya ba kura ajiyar nama.

Smadav fa, mai koren tambari, wanda kusan babu shagon da ba shi? Daga Indonesiya ya fito, ƙasar da ita ma ta sha fama da cutar filashi, kuma masu shi da kansu sun ce mataimaki ne, an yi shi ne ya zauna gefen babban antibairos. Ƙarami ne, ba ya cin RAM sosai, yana da amfani wajen tsabtace filashi da fito da fayilolin da aka ɓoye. Shi kaɗai ne a cikin jerin da za a iya bari kusa da Defender. Kuskuren shi ne ɗaukarsa a matsayin babban mai gadi. Bai kai nan ba, bai kuma ce ya kai ba.

Cutar da ta sa aka san shi, wadda ke mayar da fayilolin filashi gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya a gindi, ita ce ta fi sa ɗalibai kuka a lokacin haɗa kundin kammala karatu. Fayilolin ba su ɓace ba, ɓoye su aka yi. Abin da ke kunna cutar shi ne danna wannan mai kibiyar. A bar shi, a sa Defender ya binciki filashin, sannan a buɗe Command Prompt a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan harafin filashin E ne. Fayilolin za su dawo, a goge masu kibiyar. Mutane da yawa sun yi wa memori fomat, sun yi asarar hotunan shekaru, a kan abin da layi ɗaya ke warwarewa.

Inda maganar ta fi ɗaci shi ne Windows 7. Har yanzu tana nan a shaguna da yawa saboda ta fi sauƙi a kan tsohon ƙarfe, kuma masu ita suna ƙaunarta. Amma Microsoft ta daina toshe ramukanta tun 14 ga Janairu, 2020, Chrome ya tsaya mata a siga ta 109 a farkon 2023, kuma Defender ɗin da ke cikinta ba cikakken antibairos ba ne. Babu manhajar da za ta gyara katangar da ta zube. WannaCry, wanda ya tsayar da asibitocin Ingila a Mayun 2017, ta ramin da aka riga aka fitar da maganinsa wata biyu kafin nan ya shiga, kuma yawancin waɗanda ya kama masu Windows 7 ne da ba su sabunta ba. Irin wannan kwamfutar ta yi aikin buga takarda da kwafar fim, a raba ta da intanet, kada a buɗe imel ko asusun banki a kanta. Wanda bincike da rubutu kawai yake yi, Linux Mint ko ChromeOS Flex za su tashe ta, kuma cutar filashin Windows ba ta aiki a cikinsu. Masu Windows 10 su ma agogonsu na tafiya: shirin ESU na ƙarin wa'adin gyaran tsaro ga mutanen gida zuwa 13 ga Oktoba, 2026 aka tsara shi, yawancin waɗannan kwamfutocin kuma ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

Idan akwai kuɗin da za a kashe, ba a kan lasisin antibairos ya kamata su fara tafiya ba. SSD ko da mai giga 128 ko 256, a madadin faifai mai juyawa, shi ne canjin da ake gani da ido: kwamfutar da ke ɗaukar mintoci kafin ta tashi sai ta koma daƙiƙoƙi, binciken Defender kuma ya daina riƙe ta. Idan allon cikinta ya yarda, a ƙara RAM zuwa giga 8. A shiga sashen Startup na Task Manager a kashe duk abin da ke tashi da kansa ba a gayyace shi ba. Wanda ke ba kwamfuta intanet daga wayarsa ya sanya layin a matsayin Metered connection don kada Windows ta shanye masa data, amma sau ɗaya ko biyu a mako, da garaɓasar dare in ta samu, ya shiga Windows Security ya danna neman sabuntawa da hannunsa.

Ranar karɓo kwamfuta daga wurin mai gyara, kafin a biya, a buɗe Windows Security a gabansa. Idan Real-time protection a kashe yake, ko ya ƙi kunnuwa, ko an ga an cusa wasu manyan fayiloli a jerin Exclusions, a tambayi oga me ya saka da har sai da aka rufe wa mai gadi ido.