Wanda Muka Aika Bin Tarko, Hakkinsa Yana Wuyanmu

Da zarar an gama kaka, aka shiga noman rani, magana ɗaya ce takan taso a taron kowace ƙungiya: ɓera da gafiya da kurege sun dame mu. Sai shugaba ya ce, "Wa zai taimaka da bin tarko?" Samari biyu ko uku su ɗaga hannu. A tafa musu, a yi addu'a, a watse. Daga ranar ba mai sake tambayarsu ina suke zuwa, ko da wane irin takalmi suke shiga ciyawa.

Mu muna gani wannan ba daidai ba ne. Ƙungiyar da ta aiki mutum daji domin amfanin kowa, ita ke da alhakin komowarsa gida lafiya. Idan ba za mu iya ɗaukar wannan nauyi ba, to, kada mu aike shi.

Ba wai muna raina ɓarnar ba ne. Dattawanmu suna tune da abin da ya biyo bayan babban farin 1972 zuwa 1974. A 1975 da 1976 ɓeraye suka yi ambaliya a ƙasashen bakin hamada, har da arewacin Nijeriya. Mutum ya yi shuka da rana, da dare su bi rami rami su tone irin. Ɓeranya takan haihu bayan mako uku da 'yan kwanaki, kuma akwai irin da takan zuba 'ya'ya goma a ciki ɗaya. Wanda ya yi sakaci wata biyu, sai ya noma wa ɓera. Saboda haka aikin tarko aiki ne na kirki, ya kuwa fi zuba guba a ko'ina.

Wani zai ce, ina ma dajin yake a ƙasarmu? Gaskiya ne, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, gona ce take haɗe da gona, da ƙyar ka sami inda ba a nomawa. Amma saboda haka ne ɓarna ta tattaru a 'yan wuraren da suka rage: bakin madatsun ruwa irin su Tomas da Gari da Watari, da fadamu, da kwazazzabai, da tsofaffin kufai, da shingayen burtali. Waɗannan wurare sukan yi tafiyar sa'a guda ko fi daga gida. Da asuba ko da almuru ake zuwa, lokacin da ba kowa a wurin. A nan ne kuma maciji yake, gama inda abincinsa yake can yake kwana.

Mun ga abin da idonmu. Wani saurayi a cikinmu ya fita shi kaɗai da sassafe duba tarko. Ya tarar gafiya ta ja tarko cikin rami, sai ya zura hannu. Maciji ya sare shi a yatsa. Ba wanda ya san inda ya nufa, sai da hantsi ya dubi ludayi wani makiyayi ya same shi a gindin kuka. Ya rayu, amma ya rasa yatsan, mahaifinsa kuma ya sayar da awaki biyu domin kuɗin magani. Ƙungiya ta je gaisuwa da goro. Ko kwabo ba ta biya ba, alhali kuwa albasar kowa yake tsaro.

Ga abubuwan da ya kamata kowane mai bin tarko ya sani.

Na fari, maciji. Kububuwa ƙarama ce, launinta kamar na ƙasa, amma dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga kamar ya ji sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi. Kasa ba ta gudu, kwanciya take yi a kan hanya. Gamsheƙa tana tofa dafi a ido, sai a wanke nan da nan da ruwa mai yawa. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe, a ɗora gaɓar a kan sanda don kada ta yi ta motsi, a ɗauki mutumin a kai shi asibiti. Baƙin dutsen nan da aka daɗe ana ajiyewa a gidaje ba ya zuƙe dafi, ɓata lokaci ne kawai. Allurar kashe dafi ita ce magani. A asibitin Kaltungo ta Jihar Gombe, inda aka ƙware a wannan aiki, galibin waɗanda aka kai da wuri suna tashi.

Na biyu, ɓeran kansa. A shekarar 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta Jos, can ta rasu. Wadda ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta bi ta. A 1970 likita Jeanette Troup ta rasu a Jos da wannan cuta. Daga baya aka gane wani irin ɓera ne mai nonuwa da yawa yake ɗauke da ita a cikin fitsarinsa da kashinsa da jininsa. Wannan ɓera yana gonakinmu da rumbunanmu. Cutar ta fi tashi da rani, daidai lokacin bin tarko, kuma a farkon 2020 ta kashe ma'aikatan lafiya a birnin Kano. Tana iya ɓoyewa a jiki har kwana 21 kafin ta bayyana. Wasu da suka warke sukan kurmance. Don haka ba a taɓa mataccen ɓera da hannu tsirara. A sa safar roba, ko a ɗauka da shebur, a binne a rami mai zurfi, a wanke hannu da sabulu. Kada a bar yara su feɗe shi ko su gasa. Wanda ya yi aikin ɓera, sa'an nan zazzaɓi ya kama shi, ya sha maganin zazzaɓin sauro bai sauka ba, ya tafi asibiti ya faɗi irin aikin da ya yi.

Na uku, guba da wuta. Waɗansu sukan jefa ƙwayar da ake sa wa hatsi a buhu cikin ramin gafiya. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum. Waɗansu sukan kwaɓa fiya-fiya da dusa su ajiye a fili, kaji da awaki su ci. Waɗansu kuma sukan cinna wa ciyawa wuta don su kori ɓera, iskar hunturu ta kwashi wutar ta kai kan karan wani. Duk abin da ya shafi guba, a nemi malamin gona na KNARDA ya nuna yadda ake yi.

Na huɗu, mutane. Tarkon ƙarfe bai san ƙafar gafiya da ta ɗan makiyayi ba. Tarko ɗaya da ya karya ƙafar maraƙi ya isa ya ɓata zaman lafiyar shekara ashirin. Bayan haka, mutumin da aka gani da tocila cikin duhu a bakin daji, 'yan sintiri suna iya ɗaukarsa ɓarawo. A ƙauyukan Tsanyawa da Shanono da ke iyaka da Jihar Katsina an sha harin 'yan bindiga a 2025. Inda hankali bai kwanta ba, a bar tarkon nesa gaba ɗaya.

To, mene ne aikin ƙungiya? Muna roƙon kowace ƙungiya ta zartar da waɗannan a taronta na gaba, magatakarda ya rubuta a littafi.

1. Ba mai fita shi kaɗai. Mutum biyu ne mafi ƙanƙanta, ba kuma za a aiki yaro ba.
2. Kafin a fita a gaya wa mutum guda a gari inda za a je da lokacin komowa. In lokacin ya wuce da sa'a ɗaya, a bi sawu.
3. Ƙungiya ta sayi takalman roba masu tsawo, da safar hannu, da tocila, da sabulu. Kayan ƙungiya ne, a ba da aro, a mayar.
4. A ƙidaya tarkuna, a kafa sanda mai jan ƙyalle kusa da kowanne. A shaida wa mai unguwa da arɗo kafin a ɗana.
5. A tafi da sanda, da ruwan sha, da waya mai caji. Hannu ba ya shiga rami.
6. A san tun yau wace asibiti ce take da allurar dafin maciji, a kuma san mai babur ko mai mota da za a tasa ko da tsakar dare ne.
7. A ware kuɗi a asusu domin jinyar wanda ya ji ciwo a aikin ƙungiya.

Mun san abin da za a ce. Za a ce asusu ba kuɗi. Amsarmu ita ce, kowa ya kawo mudu ɗaya na gero da kaka, a sayar. Wanda ɓera yake ci a rumbunsa ya fi haka nesa ba kusa ba. Za a ce iyayenmu sun yi farauta ba takalmi. Haka ne, amma a tambayi tsofaffi mutum nawa suka binne saboda sarar maciji. Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ai mun yarda rai a hannun Allah yake, duk da haka ba mu taɓa ganin wanda ya bar rijiya a buɗe a tsakar gida yana cewa haka ba.

Mu kuma tuna, in ɓera yana da sata, daddawa ma tana da wari. Idan muka share ciyawa kewaye da rumbu, muka liƙe ramuka, muka daina shanya hatsi a ƙasa ya kwana, muka kuma ɗana tarko dukanmu a mako guda, to, tafiye-tafiyen nesa za su ragu ƙwarai.

Zumuntar mata, ku ma da ku ake. 'Ya'yanku ne da mazanku ake aikawa. Ran taro, idan aka ce wa zai je, ku tashi ku tambaya: da wa zai je, ina takalminsa, wa zai biya in ya ji ciwo? In ba a ba da amsa ba, kada a ɗaga hannu tukuna.