Ƴaƴan kirinjijiya a tabkin Madarunfa

Jama'a, in damina ta yi nisa, wanda ya bi ta Jiratawa zuwa tabkin Madarunfa yakan ga kirinjijiya, agwagwar ruwa mai farar fuska, ƴaƴanta na biye da ita a jere. A ƙasa take gida, cikin ciyawa. Shi ya sa kofaton shanu da hannun yara ke gamawa da ƙwanta. A 2019 tabkin ya shiga jerin Ramsar, amma takarda ba ta gadi. Wanda ya tarar da ɗan tsako a bakin ruwa ya ƙyale shi: iyayen na kusa. Ku kuma ƴan kasuwar Maraɗi, in an kawo muku su cikin kwando kada ku saya. Ran da aka rasa mai saye, an rasa mai kamawa.