Jiragen ruwan yawon buɗe ido a gaɓar tekun Alaska

Daga Afrilu zuwa Oktoba, manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido kan taso daga Seattle ta Amurka ko Vancouver ta Kanada zuwa kudu maso gabashin jihar Alaska. Sukan yada zango a Ketchikan, Juneau da Skagway, inda fasinjoji ke kallon duwatsun ƙanƙara.

Cunkoso a Juneau

Juneau, babban birnin jihar, yana da mutane kusan 32,000, amma a 2023 ya karɓi fasinjoji sama da miliyan 1.6. 'Yan kasuwa da masu zagayawa da baƙi sun dogara da wannan hada-hadar, yayin da wasu mazauna ke kokawa da cunkoso da ƙarar jirage masu saukar ungulu.

Hukumar birnin da kamfanonin jiragen sun amince da kayyade manyan jirage biyar a rana daga 2024. Wata yarjejeniyar ta ƙayyade fasinjoji 16,000 a rana, da 12,000 ran Asabar, daga 2026. A Oktoban 2024 masu zaɓe suka yi watsi da ƙudurin hana manyan jirage tsayawa ran Asabar. Wato mafi yawansu sun gwammace a taƙaita, ba a hana ba.

Narkewar ƙanƙara

Babbar barazanar ta fi ƙarfin yarjejeniya. Dutsen ƙanƙara na Mendenhall, wanda baƙi da yawa ke zuwa dominsa, yana ja da baya saboda ɗumamar yanayi. A Agustan 2024, ruwan da ya ɓalle daga gefensa ya lalata ɗaruruwan gidaje a Juneau. Idan ƙanƙarar ta ɓace wa idon baƙi, tattalin arzikin birnin zai ji a jika.