Injin Yankan Ƙarfe A Kasuwa: Kada Araha Ta Ci Mana Ido

Yau maganarmu ta shafi ɗan injin nan na hannu da masu walda ke yanka ƙarfe da gogewa da shi, wanda ƙararsa ta zama ruwan dare a kasuwanninmu, daga Gure har zuwa Gamu. Babu mai musun amfaninsa, domin da shi ake gyara mana amalanke, da ƙofar shago, da tebur, da murhun tuya, har da wasa wuƙa da gatari. Amma ra'ayinmu shi ne, yadda ake aiki da shi a tsakiyar jama'a ganganci ne, kuma gyaran yana hannunmu mu 'yan kasuwa.

Bari mu fara da sanin abin da ke hannun yaron nan. Ƙaramin inji mai faifan milimita 115 yana juyawa kamar sau 11,000 a minti ɗaya, kuma bakin faifan yana gudun da ya kai kusan kilomita 240 a awa. Idan ya fashe, guntayensa da wannan gudun suke fita, kuma ba sa tambayar wa ke riƙe da inji, wa ke sayar da ƙosai a gefe. Don haka ne kamfani ya sa masa murfin ƙarfe da ya rufe rabin faifan. Abin takaici, wannan murfi shi ne abu na farko da wasu ke cirewa, wai yana tare musu gani.

Wasu kuma don neman sauƙi sukan cire murfin su ɗora babban faifai a kan ƙaramin inji. Alhali babban faifai na milimita 230 iyakarsa juyi kamar 6,600 a minti, kuma an rubuta haka a jikinsa. Wato an tilasta masa gudun da ya kusa ninka ƙarfinsa. Bugu da ƙari, faifai ma yana tsufa kamar magani. A kan zoben ƙarfen da ke tsakiyar faifan kirki akan buga shekarar da wa'adinsa zai cika, yawanci shekara 3 bayan ƙera shi, sannan zafi da laima suna lalata ƙaron da ya haɗe shi. To, Alhaji mai shagon kayan gini, faifan da ya sha rana a tebur, ko ya tsage, ka sayar wa yaro don ya fi araha, in ya cire masa ido, ribar me ka ci?

Mun san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma tabarau da safar hannu kuɗi ne. Haka ne, amma a kwatanta kuɗin tabarau da kuɗin motar kai majinyaci. Babban rauni na ido sai an dangana da babban asibitin Damagaram, wanda ko daga Gure ma tafiyar sama da kilomita 150 ce, balle daga ƙauyukan Gamu. Ga kwanakin da shago zai yi a rufe, ga bakin iyali. Hausawa suka ce rigakafi ya fi magani.

Sai maganar tartsatsi. Rumfunanmu na zana da kara ne, ga masu sayar da fetur a kwalba, ga atamfa da katifa. Dattawa ba su manta da gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982 ba, haka 'yan'uwanmu na Kano da ta kasuwar Sabon Gari a 2016. Wuta in ta kama kasuwa, jarin shekaru ne ke zama toka a dare ɗaya, kuma ƙyastu ɗaya ya isa.

A nan muke kira ga masu wannan sana'a: a bar murfi a wurinsa, a sa tabarau, a riƙe inji da hannu biyu, a ɗaure ƙarfen da za a yanka maimakon a ba almajiri ya dafe. A zare waya daga janareta kafin canza faifai, in an sa sabo a bar shi ya juya minti ɗaya nesa da mutane, kuma kada a ajiye shi ƙasa sai ya tsaya cak. Siririn faifan yanka ba na guga ba ne. Babbar riga da jelar rawani kuwa a tattare su.

Ku kuma iyayenmu mata, in kun kai gyara, ku ja da baya, ku kama mayafinku, ku janye yara. Wanda injinsa ba murfi, ku ɗauki aikinku ku kai wa wani, domin abin da nasiha ba ta gyara ba, rashin ciniki zai gyara. In ɓarɓashin ƙarfe ya shiga ido, kada a murza, kada a sa tsinke, a rufe shi a nufi likita. In yanka ne, a danne da tsumma mai tsabta, ban da zuba ƙasa ko baƙin mai.

Daga ƙarshe, muna roƙon sarkin kasuwa da magajin gari su ware wa masu walda wurinsu a gefe, nesa da fetur da rumfunan zana. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyaye mu, Ya ba mu kasuwa mai albarka.