Dutsen da Muke Sha'awa a Kosta Rika Yana Bayan Gidanmu

Kafin in shiga magana bari in nemi afuwa, domin Hausa ba ita na tsotsa a nono ba. Ni ɗan Mwaghavul ne daga ƙasar Mangu. A kasuwa da makarantar firamare na tsinci Hausa, sa'annan na zo nan Jos ina karanta ta. Saboda haka in kun ga na ba mace "ya" na ba namiji "ta" a wata jimla, ku yi mini irin uzurin da malamanmu suka saba yi mini.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne wata Asabar da dare a ɗakin kwananmu. Wani abokinmu ya nuna mana ɗan fim a wayarsa game da yawon buɗe ido a Kosta Rika, wata ƙaramar ƙasa a Amurka ta Tsakiya. Ga wani dutse mai suna Arenal a tsaye kamar dalar gyaɗa, ga baƙi daga ƙasashe daban-daban kwance cikin ruwan ɗumi a gindinsa, tururi na tashi. Ban san lokacin da na ce "Allah Ya kai mu" ba. Sai wanda muke ɗaki ɗaya da shi, ɗalibin sashen nazarin duwatsu da ma'adinai, ya fashe da dariya ya ce, "Haba mutumina! Kai ɗan Mangu me za ka je nema a can? Ai a gindin irin wannan dutsen aka yanke maka cibiya."

Na ɗauka ba'a yake yi. Washegari ya kawo mini taswira, na ga ashe gaskiyarsa. Shekara ashirin da 'yan kai ina wuce waɗannan tuddai a mota, ban taɓa sanin ko mene ne su ba. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da muke da shi

Gidajen rediyo sun saba mana da kalmar "dutse mai aman wuta", amma kullum a labaran ƙetare muke jin ta, har muka ɗauka abu ne na Indunisiya ko Italiya kaɗai. Yadda abin yake shi ne, can cikin ƙasa akwai inda zafi ke narkar da dutse. In narkakken dutsen nan ya sami tsaga sai ya yunƙuro sama, ya fito tare da toka da hayaƙi. Abin da ya malala sai ya sandare ya zama baƙin dutse, abin da ya zubo kewaye da bakin ramin kuma ya taru ya zama tudu, da rami a samansa kamar akushi.

Irin waɗannan tuddai ne suka yi layi a kewayen Panyam da Kerang da Ampang cikin ƙaramar hukumar Mangu, tafiyar kimanin awa biyu daga Jos. Akwai wasu a Miyango da Kassa. Wutarsu ta daɗe da mutuwa, babu wani mai rai da ya taɓa ganin sun yi amai, amma kamanninsu na nan. A Ampang ta Yamma akwai tafkin Pidong, wanda yake zaune cikin akushin ɗaya daga cikinsu. Mu 'yan Filato mun saba da kududdufan da haƙar kuza ta bari a ko'ina tun zamanin Turawa, shi ya sa wanda bai sani ba zai ɗauka Pidong ma ɗaya ne daga cikinsu. Alhali babu hannun mutum a wannan rami.

A hutun da ya wuce na je na hau dutsen Kerang da ƙafata. Na tsinci wani ɗan baƙin dutse mai huji-huji kamar soso, yana nan a kan teburina har yanzu. A gindin dutsen ne marmaron da ake ɗura ruwan SWAN yake ɓuɓɓugowa, wato ruwan kwalbar da kowa ya sani a shagunan Jos. Ƙasar wurin kuwa, tokar nan ta dā da sanyin tudu su suka haɗu suka sa dankalin Turawa da masara suke yin kyau yadda muke gani. Ashe abin da ya biya mini kuɗin makaranta ma daga aman wutar nan ya samo asali.

In aka gangara kudu maso gabas sai Dutsen Wase, wanda ya miƙe shi kaɗai a tsakiyar fili, tsayinsa ya kusa mita 300. Masana sun ce maƙogwaron wani tsohon dutse mai aman wuta ne: abin da ya sandare a ciki ya tsaya, ruwa da iska suka cinye jikin da ke kewaye da shi. An san shi da tsuntsayen kwasakwasa masu yin sheƙa a samansa.

Ruwan ɗumi fa? Wannan sai an leƙa maƙwabta. A gandun dajin Yankari na jihar Bauci akwai Wikki, wanda ɗuminsa ke tsaye a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma garau yake har kana ganin yashin ƙasansa. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, sa'annan ya koma hannun jihar Bauci a 2006. Akwai kuma ruwan zafin Akiri a ƙaramar hukumar Awe, wanda yake cikin tsohuwar Filato kafin a cire jihar Nasarawa a 1996. Sai dai a lura, ɗumin Wikki ba daga wani dutse mai aman wuta yake ba. Ruwa ne da ya nutsa can cikin ƙasa inda ake da ɗumi, sa'annan ya dawo sama.

Ra'ayina

Kowace shekara in an zo maganar rangadin ɗalibai, wuraren da ake ambata su ne Gidan Makama da Dutsen Dala a Kano, da Hasumiyar Gobarau a Katsina, da Rijiyar Kusugu a Daura. Ba ni da ja a kan wannan, domin ɗalibin Hausa da bai ga Kusugu ba karatunsa da saura. Amma ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu da malamanmu su yarda bana mu juya akalar motar zuwa Kerang da Pidong da Wase, mu ƙare a Wikki. Kuma kada mu dawo da hotuna kawai. Mu dawo da ɗan littafi na Hausa wanda zai bayyana wa mai ziyara abin da yake gani.

Na san wani zai ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da duwatsu, ai wannan aikin 'yan kimiyya ne. Amsata ita ce, 'yan kimiyya sun yi nasu tuni. Sun auna, sun zana taswira, sun rubuta, amma da Turanci, cikin mujallun da manomin Kerang ba zai taɓa gani ba. Duk yawon da na yi a wurin ban ci karo da takarda ko allo guda mai bayani da Hausa ba. To, ku dubi waɗanda za su fi saurin zuwa ziyara: ɗan kasuwa daga Kano, 'yan makaranta daga Bauci da Gombe, iyali daga Kaduna ko Lafiya, har ma da Maraɗi. Da wane harshe za a tarbe su? Mu kanmu 'yan Filato, in Birom da Ngas da Tarok da Mwaghavul suka haɗu a tasha, da Hausa suke ciniki. Harshen da ake sayar da dankali da shi ya isa a yi bayanin ƙasar da ta fid da dankalin da shi.

Har ila yau akwai aikin da ya shafe mu kai tsaye. Muna da "aman wuta", amma me za mu kira ramin da ke saman dutsen? Me za mu kira tafkin da ya taru a cikinsa, ko narkakken dutse bayan ya sandare? Ni na yi amfani da "akushi" da "maƙogwaro" a sama don dole, wataƙila wani cikinku yana da waɗanda suka fi su dacewa. Darasin ƙirƙirar kalmomi da muke haddacewa don jarrabawa, ga filin gwada shi. Mu tuna Bargery, wanda ƙamusunsa ya fito a 1934, shekaru ya yi yana zagaya garuruwa yana tambayar mutane kafin ya tara abin da ya tara. Ba a ɗaki ya zauna kalmomi suka same shi ba.

Bugu da ƙari, kowane ɗaya daga cikin tuddan nan yana da suna da labari a bakin mutanen da ke zaune gindinsa. Malamanmu sun koya mana cewa Mwaghavul da Ngas da Hausa duk 'yan gida ɗaya ne, wato dangin harsunan Cadi. Ni da nake jin biyu daga cikinsu ban taɓa zama na kwatanta yadda kowanne ke kiran tudu da marmaro da tafki ba, kuma ina jin kunyar hakan. Tsofaffin da suka san waɗannan sunaye da labarai suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. In ba mu ɗauki muryarsu yanzu ba, nan gaba ko muna so ba za mu samu ba.

Maganar tsaro

Ga babbar hujjar da za a kawo mini, kuma ba zan yi kamar ban san da ita ba. Jiharmu da ake yi wa kirari da gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido ta ga tashin hankali a Jos a 2001 da 2008 da 2010. A 2023 wutar ta kai Mangu, kuma a ƙarshen wannan shekarar aka kai hare-hare a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, aka rasa rayuka masu yawa. Ni ba a jarida na karanta wannan ba, akwai gidajen da na sani waɗanda har yau masu su ba su koma ba. Duk uban da ya ce ɗansa ba zai shiga motar nan ba, ba zan ga laifinsa ba.

Saboda haka ba ina cewa mu tashi kai tsaye ba ne. Mu nemi izinin hukumar makaranta, mu aika wa fadar Mishkaham Mwaghavul da fadar Sarkin Wase takarda tun da wuri, mu saurari shawarar mutanen gari da jami'an tsaro, mu yi tafiyar rana. In suka ce lokaci bai yi ba, mu dakata, mu fara da na kusa. Amma kada mu soke niyyar ɗungurungum. A ajinmu akwai Bahaushe da Bafillace da Birom da Ngas da Bayarabe, Musulmi da Kirista, kowa na aron littafin kowa. Ranar da mota guda ta sauke mu tare a ƙauye, muka durƙusa muka gai da dattawa da harshe ɗaya, mun faɗi wata magana wadda taron sulhu a otal bai cika iya faɗa ba.

A nan ne ma Kosta Rika take da darasi a gare mu. Arenal ɗin da muka gani a waya, a 1968 ya yi aman da ya kashe mutum 87, ya ci gaba da tofar da wuta har zuwa 2010. Mutanen wurin ba su bar abin ya tsaya a matsayin masifa ba, suka koyi bayaninsa, suka gina masaukai, 'ya'yansu suka zama 'yan rakiya. Ƙasar ba ta kai jihar Neja girma ba, jama'arta kimanin miliyan 5 ne, amma a 2019 baƙi fiye da miliyan 3 suka ziyarce ta. Ita ce kuma ƙasar da ta rushe rundunar sojanta tun 1948. Baƙo yana biyan kuɗin ganin dutse, amma sai ya tabbata zai kwana lafiya kafin ya sayi tikiti.

Batun kuɗi kuwa, wanda ya iya tara kuɗin motar Daura ba zai kasa na Mangu ba. Kerang da Pidong ana iya zuwa a dawo a rana ɗaya. Wase da Yankari ne ke bukatar kwana, sai a bar su zuwa zango na biyu in aljihu bai yarda ba.

Kammalawa

Ga abin da nake ba da shawara a taƙaice. A kafa ɗan kwamiti na mutum biyar zuwa bakwai, a gayyaci ɗalibi ɗaya ko biyu daga sashen nazarin duwatsu don kada mu rubuta shirme. A raba mu rukuni uku: masu ɗaukar muryar dattawa, masu tattara sunaye da kalmomi, da masu rubuta bayanin kowane wuri da Hausa mai sauƙi. Abin da aka samu a kai wa malamanmu su duba, a buga shi a fitowa ta gaba ta wannan mujalla, a kuma miƙa wa gidajen rediyon Jos masu shirye-shiryen Hausa. Kwafin farko kuma a mayar wa mutanen da suka ba mu labarin, domin nasu ne.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, ba su ce sai ta jirgin sama ba. Har gobe ina fatan Allah Ya kai ni Kosta Rika. Amma ina so in na je, aka tambaye ni ko akwai irin wannan dutse a ƙasarmu, in iya ba da amsa, in kuma zaro ɗan littafin da ajinmu ya rubuta. Wanda yake son ganin baƙin dutsen da na tsinto a Kerang, ya same ni bayan lacca, yana cikin jakata ranar taron ƙungiya. Wanda kuma yake da kalmar da ta fi "akushi", fili a buɗe yake, sai mu ji daga gare shi a fitowa ta gaba.