Tafiyar Barkley da Hukuncin 'Yan Kallo

Ƙwallon ƙafar Amurka wasa ne mai gajeren zango. Gasar NFL takan fara a farkon watan Satumba, kowace ƙungiya daga cikin 32 ta buga wasa 17, waɗanda suka yi rabo su wuce zagayen sili-ɗaya-ƙwale, a naɗe tabarma da wasan Super Bowl a watan Fabrairu. Daga nan sai a shiga kusan wata bakwai babu wasan da ake lissafawa. Sai dai hutun na fili ne kawai, bai shafi baki ba. A cikin waɗannan watannin ne ake sallamar 'yan wasa, a sayo wasu a watan Maris, a zaɓo sabbin jini daga jami'o'i a ƙarshen Afrilu, a yi atisaye a Mayu da Yuni, a shiga sansanin horo a ƙarshen Yuli. Kowace ƙungiya takan tara mutum 90, amma kafin Agusta ya ƙare dole ta zabtare su zuwa 53. Duk wani mataki a cikin wannan jeri yana da masu yanke masa hukunci a rediyo da shafukan intanet da wuraren aski, kuma yawancinsu ba sa jiran a buga ko wasa ɗaya kafin su yanke.

Hukuncin da ya fi kowane tayar da ƙura a 'yan shekarun nan shi ne wanda magoya bayan New York Giants suka yanke wa shugabannin ƙungiyarsu a kan Saquon Barkley. Yau ina so mu sake zama a kan shari'ar, domin a ganina an kama mai laifi, amma an tuhume shi da abin da ba shi ne babban laifinsa ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga taƙaitaccen bayani. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, ko dai ta hanyar jefa ƙwallon, ko ta hanyar miƙa ta ga wani ya ruga da ita. Mai jefawar shi ne madugu, shi ake biya albashi mafi tsoka. Mai rugawar kuma shi ne wanda ke kutsa kai cikin ƙarti, a kayar da shi sau ashirin a yini, ya tashi ya sake. A gabansu duka biyun akwai ƙarti biyar da aikinsu shi ne su zama katanga, su tare wa madugu abokan gaba, su kuma buɗa wa mai gudu hanya. Barkley mai gudu ne. Giants ta ɗauko shi daga jami'ar Penn State a 2018 a matsayin mutum na biyu da aka zaɓa a duk ƙasar, ya kuma ci kyautar gwarzon sabbin 'yan wasan gaba a shekararsa ta farko. Ya yage jijiyar gwiwa a 2020, ya farfaɗo, ya yi gudun yadi 1,312 a 2022. A shekarun da ƙungiyar ta zama abin dariya, shi ne kusan dalili ɗaya da ya sa uba zai saya wa ɗansa riga mai lamba 26.

A watan Maris na 2024 Giants ta bar shi ya shiga kasuwa, shi kuma ya sa hannu a kwantiragin shekara uku da Philadelphia Eagles a kan dala miliyan 37.75. Da wata ƙungiya mai nisa ya koma, da zafin bai kai haka ba. Eagles maƙwabciya ce, rukuninsu ɗaya, sukan gamu sau biyu kowace shekara, kuma jihar New Jersey, inda filin Giants yake, rabe take gida biyu: arewa na Giants, kudu na Eagles. Kishiya ce ta cikin gida.

Abin da ya mayar da wannan lamari daban shi ne an ɗauki hotonsa. Giants ta yarda masu shirin Hard Knocks na tashar HBO su shiga ofisoshinta da kyamara a duk tsawon wannan lokaci, aka nuna shirin a watan Yuli. Jama'a suka ga babban manaja Joe Schoen yana yi wa Barkley waya yana gaya masa ya je ya gwada farashinsa a kasuwa. Suka ji shi yana kafa hujja da cewa wanda ke biyan madugu dala miliyan 40 a shekara bai biya shi don ya riƙa miƙa ƙwallo ga mai gudu na miliyan 12 ba. Suka kuma ji John Mara, wanda kakansa ya kafa ƙungiyar a 1925, yana cewa barci zai yi masa wuya idan Barkley ya koma Filadelfiya, yana tuna wa manajansa cewa babu ɗan wasan da jama'a ke so kamarsa. Mai gida ya faɗi abin da ke zuciyarsa, ya kuma bar ma'aikacinsa ya yi aikinsa. A lokacin an yaba masa a kan haka.

Magoya baya sun rabu kashi biyu tun daga ranar. Kashi na farko masu lissafi ne. Suna cewa mai gudu kamar tayar mota yake, yakan cinye da wuri, kuma Barkley ya kai shekara 27 da tarihin raunuka a bayansa. Gara a ɗauko matashi da araha a zuba kuɗin a wani gurbi. Kashi na biyu suna cewa ba a sakin irin wannan mutum, balle a sake shi ga maƙwabci. Akwai kuma kashi na uku da ba a cika lissafa su ba, waɗanda suka juya fushinsu kan Barkley kansa. Da ya dawo filin MetLife ranar 20 ga Oktoba sanye da kayan Eagles, suka yi ta yi masa ihu, wasu har da ƙona tsohuwar rigarsa a wurin ajiye motoci. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Shi kuwa ya amsa musu da yadi 176, Eagles ta ci 28 da 3.

Sauran labarin sananne ne. Barkley ya yi gudun yadi 2,005 a wasa 16, aka hutar da shi a wasan ƙarshe, wanda da Giants ɗin ma aka buga shi, duk da saura masa yadi ɗari da ɗoriya ya karya tarihin da Eric Dickerson ya kafa a 1984. Ranar 9 ga Fabrairun 2025 Eagles ta doke Kansas City Chiefs da ci 40 da 22 ta ɗauki kofi. Giants, a shekarar da take bikin kakarta ta ɗari, ta ci wasa 3 ta sha kashi a 14. A watan Disamba wasu magoya baya suka yi hayar ƙaramin jirgin sama ya riƙa shawagi a saman filin yana jan ƙyalle mai roƙon Mara ya gyara ɓarnar. Masu lissafi suka yi gum, masu cewa kada a sake shi suka ɗauki ganga.

To, a nan nake rabuwa da masu gangar. Yadi 2,005 ɗin nan ba a aljihu Barkley ya tafi da su daga New York ba. A kakarsa ta ƙarshe da Giants, wato 2023, ya yi yadi 962 a wasa 14, kimanin yadi 3.9 a kowace ɗauka. A Filadelfiya ya koma 5.8. Mutum ɗaya ne, ƙafafu ɗaya, shekara ɗaya tsakani. Abin da ya sauya shi ne katangar da ke gabansa. A 2023 ɗin an kayar da madugan Giants sau 85 kafin su jefa ƙwallo, adadin da sau ɗaya kawai aka taɓa wuce shi a tarihin gasar. Eagles kuwa ta shafe shekaru tana gina tata katangar a hannun mai horarwa Jeff Stoutland, da mutane irin su Lane Johnson da Landon Dickerson da Jordan Mailata, wanda ɗan wasan zari-ruga ne daga Ostareliya da bai taɓa buga wannan wasa ba sai da aka koya masa daga baƙi. Wanda ya kalli wasannin ya ga sau nawa Barkley ke wuce yadi biyar ko shida kafin hannun abokin gaba ya taɓa shi. Da ya zauna a New York, da ya ƙara musu wasa ɗaya ko biyu, ya kuma ƙara wa jikinsa tabo.

Kuskuren da ya haifi sauran an tafka shi ne shekara guda kafin nan. A watan Maris na 2023 kwantiragin Barkley da na madugu Daniel Jones suka ƙare a lokaci guda. Dokar gasar ta ba kowace ƙungiya damar riƙe mutum ɗaya tak na shekara guda a kan ƙayyadadden farashi, ko ya so ko bai so ba. Giants tana cikin mayen nasarar 2022, inda ta ci wasa 9 har ta je Minnesota ta yi nasara a zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Sai ta ba Jones shekara huɗu a kan dala miliyan 160, ta ɗaure Barkley da igiyar shekara ɗaya a kan miliyan 10 da 'yan kai. Jones ɗin da ya jefa ƙwallon ci 15 kacal a kakar da ake yabonsa a kanta. A NFL akwai iyakar abin da ƙungiya za ta kashe a albashi, dala miliyan 255.4 a 2024, kuma attajiri da matsiyaci duk a mudu ɗaya ake auna musu. Ba kamar ƙwallon Turai ba inda mai rijiyar mai ke sayen wanda ya ga dama. Saboda haka duk dalar da ta tafi wurin Jones an ɗebe ta ne daga wani gurbi. Jones ya buga wasa shida a 2023 kafin gwiwarsa ta tafi. A Nuwambar 2024, bayan Carolina ta doke su a birnin Munich na Jamus, aka ajiye shi a benci, 'yan kwanaki kaɗan aka sallame shi. Hujjar Schoen ta miliyan 40 da miliyan 12 daidai take a lissafi, sai dai shi da hannunsa ya rubuta miliyan 40 ɗin. Masu zagin sa a kan Barkley sun bar jaki suna dukan taiki.

Ban ce magoya baya ba su da abin kamawa ba. Abin da Eagles ta biya bai kai kashi biyar cikin ɗari na iyakar albashin ba a kowace shekara, kuma Giants ta juya ta ba Devin Singletary miliyan 16.5 na shekara uku don ya maye gurbin, kafin wani matashi mai suna Tyrone Tracy da aka zaɓo a zagaye na biyar ya ƙwace masa wurin. A wannan watan na Maris ɗin dai ta saki mai tsaron baya Xavier McKinney, ya tafi Green Bay ya cafke ƙwallo takwas daga hannun abokan gaba. Ƙungiyar da ke rainon gwanaye tana sakin su a daidai lokacin da suka nuna tana da ciwon da ya wuce na lissafi. Sannan akwai abin da takardar manaja ba ta da gurbinsa: mutumin da ya biya kuɗin tikiti ya zauna cikin sanyin Disamba yana buƙatar dalilin zama. Mara ya fahimci wannan, shi ya sa ya yi maganar barci.

Wannan ya kawo mu ga atisayen bazara, inda ake shuka yawancin fatan da ke zama baƙin ciki a kaka. Yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa ta hana karo a atisayen Mayu da Yuni. Ana fitowa ne da hular kwano da gajeren wando, babu sulken kafaɗa, babu kayarwa, kuma yawancin ranakun ganin dama ne, sai 'yan kwanaki uku na dole. A irin wannan fili kowane madugu gwani ne, tunda babu mai taɓa shi, kowane mai cafka kuma barewa ne. A bazarar 2024 labarin da ke fitowa daga sansanin Giants shi ne Jones ya warware, sabon yaro Malik Nabers yana cafke duk abin da aka jefa. Na Nabers ya tabbata, domin gwani ne na gaske. Amma abin da zai yanke wa kakar hukunci, wato ko katanga za ta tsaya idan ƙato mai kilo 130 ya taho da gudu, ba ya ganuwa a atisayen da aka hana ture juna. Giants ta sayo Jon Runyan da Jermaine Eluemunor don su toshe ɓaraka, katangar ta ɗan tsaya, sai babban ginshiƙinta Andrew Thomas ya ji rauni a ƙafa a watan Oktoba, ginin ya sake zubewa. Babu ɗan jaridar da ya isa ya hango wannan daga gefen fili a watan Yuni, balle mai kallon bidiyon daƙiƙa goma a wayarsa.

Mara bai kori Schoen ba, bai kuma kori koci Brian Daboll ba bayan kakar 3 da 14, abin da ya sake harzuƙa masu hayar jirgi. A bazarar 2025 ƙungiyar ta ɗauko tsofaffin madugai biyu, Russell Wilson da Jameis Winston, ta zaɓi Abdul Carter a matsayi na uku, ta kuma sadaukar da wasu damarmakinta na zaɓe don ta hauro matsayi na 25 ta ɗauki matashin madugu Jaxson Dart. Eagles a nata ɓangaren ta ƙara wa Barkley shekara biyu a kan dala miliyan 41.2, wanda ya sa ya zama mai gudu na farko da ya haura miliyan 20 a shekara. Tun daga ranar farko ta atisaye muhawarar New York ta koma kan yaushe za a sa Dart a fili, da yadda ƙwallonsa ke tafiya a iska. Mutum biyar ɗin da za su tsaya a gabansa a kakar 2025 kusan su ne na 2024, kuma a lokacin da wuya ka ji mai kiran rediyo ya ambaci sunan ɗayansu.