Maganin ciyawa: daga gona zuwa tukunyarmu, wa ke aunawa?

Duk wanda ya leƙa kasuwar Muda Lawal ko Wunti a farkon damina zai ga yadda manoma ke cincirindo a shagunan maganin feshi. Ba laifinsu ba ne. Kuɗin ƙwadago ya yi tsada, kuma abin da mutum biyar za su kwana uku suna nomewa da fartanya, mutum ɗaya da famfo a baya zai gama shi kafin azahar. Saboda haka ba na cikin masu cewa a hana maganin ciyawa kwata-kwata. Magana ta ita ce a sa masa iyaka mai tsauri, kuma a riƙa aunawa.

Magungunan ba ɗaya ba ne. Paraquat guba ne da ba shi da makari, kurɓi kaɗan na iya lalata huhu ya kai mutum lahira. Atrazine, wanda masu masara suka fi so, yana daɗewa a ƙasa, ya tsiyaya zuwa rijiyoyi da koramu. Tarayyar Turai ta daina amfani da su tuntuni, ita ma hukumar NAFDAC ta tsayar da farkon 2024 don haramta paraquat, farkon 2025 kuma atrazine. Shi kuwa glyphosate har yanzu ana muhawara a kansa: a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar, amma a 2023 Turai ta sabunta izininsa na shekara 10.

Wasu za su ce tun da masana ma sun saɓa, me ya sa za mu matsa wa kanmu? Gaskiya ne ƙasashe sun bambanta. Amurka ta yarda da maikirogiram 3 na atrazine a litar ruwan sha, Turai kuwa 0.1 kacal, wato ninki 30 tsakaninsu. Amma a duba halin da muke ciki. A can manomi yana karanta takardar da ke jikin robar, ga safar hannu da takunkumi, ga ɗakin gwaji. A nan da idona na ga matashi yana feshi da singileti, ba takalmi, yana gauraya magani kala biyu da hannu wai don ya fi ƙarfi. Na ga robar magani an ɗauraye ta an zuba mai, wata an zuba ruwan sha. Shanu na kiwo a inda aka fesa jiya, gobe kuma mu sayi nono. Inda kuskure ya yi yawa haka, iyaka mafi tsauri ce ta dace da mu.

Mu tuna da wake. A 2015 Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda burbushin dichlorvos, maganin ƙwari, ya zarce ƙa'idarsu. Su sun auna sun ƙi karɓa. Mu fa? Waken da aka hana fita da shi, cikin wa ya shiga?

Doka a takarda ba ta tsare kowa. Ya kamata hukumar ruwa ta jiha ta riƙa gwada ruwan madatsar Gubi, wanda birnin nan ke sha, musamman da damina, ta bayyana wa jama'a sakamakon. Masana a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa za su iya ɗibar samfurin hatsi da ganye daga kasuwanninmu. NAFDAC ta zagaya shaguna ta kwashe haramtattun. Malaman gona na BSADP kuma su koma ƙauyuka su koya wa manoma awo, da kwanakin da ake jira tsakanin feshi da girbi.

Mu ma da namu. Manomi, kada ka wuce awon da aka rubuta, kada ka fesa kusa da rijiya, ka huda robar da ta ƙare don kada a sake amfani da ita. Uwargida, a wanke ganye sosai, duk da cewa wanki ba ya fitar da abin da tsiro ya riga ya sha. Shi ya sa gyaran daga gona yake farawa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu.